Yadda Ake Tsara Cefane Don Rage Ƙiba Ba Tare da Aljihu Ya Koka Ba

Wanda yake son rage ƙiba a gidan da ake ɗora tukunya ɗaya, aikinsa na farko yana kan takardar cefane. Abin da aka shigo da shi gida shi za a ci. In jarkar mai ce a kicin ba ma'auni, za ta ƙare kafin wata ya raba. In katan ɗin taliyar yara ne a ɗaki, babba ma zai dafa biyu da daddare. In kuwa babu wake, babu ganye, babu ƙwai a gidan, komai ƙarfin niyyar mutum tuwo zai ƙara don ya ƙoshi.

Kayan da suka fi taimaka wa mai rage ƙiba suna cikin mafi araha a kasuwanninmu: wake, waken suya, gero, dawa, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, kabewa, yalo, ƙwai da busasshen kifi. Ba a buƙatar man zaitun, ba a buƙatar tuffa ko abincin kwali na manyan kantuna, balle shayin rage tumbi da ake tallarsa a waya. Abin da ake buƙata shi ne lissafi, da ma'auni, da sanin lokacin da kowane kaya yake sauka.

Mataki na farko: a san inda kuɗin yake tafiya

Kafin a canza komai, a ɗauki sati guda ana rubuta duk abin da aka saya na ci da sha. Komai ƙanƙantarsa: burodin safe, ƙosan bakin titi, lemon kwalba bayan azahar, tsiren dare, biskit ɗin makaranta, sukarin da aka aiki yaro shago. A gidaje da yawa maigida ne ke cefane, uwargida ke girki, kowa da abin da ya sani, don haka sai sun zauna tare takardar za ta cika.

Ranar bakwai a ja layi ƙarƙashin abubuwa huɗu: kayan zaƙi na sha, soye-soyen waje, mai, da sayen ɗai-ɗai a shagon unguwa. A nan ne kuɗin da za a ƙara wake da ganye yake ɓoye. Yawanci ba sai an ƙara ko kwabo a kan kuɗin cefane ba, wurin zamansa kawai za a sauya.

Mataki na biyu: a fara daga faranti, a koma baya zuwa kasuwa

Farantin mai rage ƙiba ana raba shi ne kamar haka: rabi ganye da kayan lambu, kwata abincin gina jiki irin su wake, awara, ƙwai, kifi ko nama, kwata kuma tuwo, shinkafa, dambu, doya ko dankali. Malmalar tuwo kada ta wuce girman dunƙulen hannun mai cin. Daga wannan hoton ake fitar da adadin abin da za a saya.

Ma'aunin da kowane gida yake da shi shi ne gwangwanin madara. Cikinsa na ɗanyar shinkafa ko wake yana kai kimanin giram 140. Ga abin da babban mutum ɗaya mai son ragewa yake buƙata a sati, in ba aikin ƙarfi yake yi ba:

- Hatsi, wato gero, dawa, masara, shinkafa, alkama ko acca, duka a haɗe: gwangwani ɗaya da rabi a rana, kusan gwangwani 10 a sati. Rabin gwangwani da safe, rabi da rana, rabi da daddare.
- Wake, gurjiya ko waken suya: rabin gwangwani a rana, wato kusan gwangwani 4 a sati.
- Ganye, kayan lambu da 'ya'yan itace: giram 400 a rana aƙalla, kusan kilo 3 a sati. Wannan shi ne ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma dankali, doya da rogo ba sa cikin lissafin, suna ɓangaren tuwo ne.
- Ƙwai 5 zuwa 7.
- Kifi ko nama: yanki mai girman tafin hannu, sau uku ko huɗu a sati.
- Kindirmo ko nono mara sukari: kofi ɗaya, sau uku ko huɗu.
- Mai: cokalin cin abinci biyu a rana.

Wannan yana kai mutum wajen kalori 1,600 zuwa 1,800 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), kuma yawancin manya masu ƙiba za su riƙa raguwa a hankali a kansa. Namiji dogo ko mai yawan zirga-zirga ya ƙara rabin gwangwanin hatsi ko wake.

Yara masu tasowa, mai ciki, mai shayarwa da mai aikin ƙarfi ba a rage musu tuwo. A lissafa nasu yadda aka saba. Abincin gidan ɗaya ne, a wajen zubawa ake bambantawa. Wannan yana da muhimmanci, domin duk tsarin da ya ce sai an ɗora tukunya biyu kullum ba ya wuce sati biyu: gas zai ƙare, mai girki za ta gaji.

Mai, sukari da dunƙule

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ne yawancin ƙibar gidajenmu take shigowa ba a gani.

Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, alhali giram ɗaya na sitaci ko furotin, wato sinadarin gina jiki, kalori 4 ne. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kusan kalori 120. Lita ɗaya ta haura kalori 8,000. Man gyaɗa, manja, man waken suya, man zaitun, duk kusan ɗaya suke a wannan lissafin. Mai tsada ba ya rage ƙiba. Wanda ya zuba ludayin miya guda na mai a kan garau-garau ya kusa ninka kalorin da ke farantin, kuma cikinsa ba zai ji ya ƙara ƙoshi ba.

Lissafin mai yana da sauƙi. Cokali biyu mililita 30 ne. Gida mai mutum biyar, mililita 150 a rana. Kenan kwalbar nan ta santilita 75 ya kamata ta kwana biyar, wata guda kuma lita huɗu da rabi. In gidan yana shan fiye da haka, a sauko a hankali cikin sati uku ko huɗu, kada a yanke rana ɗaya mutanen gida su yi bore. Dabarar ita ce a ajiye jarkar nesa da murhu, a riƙa tsiyayo na kwana biyar a kwalba, a ɗaura cokali ɗaya a jikinta. Ba a zuba mai daga bakin kwalba kai tsaye cikin tukunya. Hannu ba ya aunawa daidai, kullum wucewa yake yi.

In ana da hali, a sayi man da yake a rufe mai lambar NAFDAC da tambarin ido a jikinsa, alamar an ƙara masa bitamin A. Man da aka soya abu da shi har ya yi baƙi, a zubar, kada a yi ta juya shi.

Sukari: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokalin shayi 12, in an sauko zuwa 6 ya fi. Kwalbar lemo mai gas ta santilita 50 ita kaɗai tana ɗauke da kusan cokali 12 zuwa 13. Lemon malt da lemon kwali ma sukari ne cike da su, duk da ana musu kallon abin gina jiki. Zuma da mazarƙwaila a jikin mutum sukari ne. Don haka a takardar cefane a cire lemon kwalba gaba ɗaya, a sa zoɓo, tsamiya, citta, kanumfari da lemon tsami. Mudun zoɓo ɗaya yana daɗewa. A dafa shi da citta da ɓawon abarba da aka wanke sosai, a sa sukari kaɗan ko a bar shi haka. Kunu da koko ma a auna musu: cokali ɗaya a kofi, bayan sati biyu a koma rabi. Harshe yana sabawa.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana ga babba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin burodi, taliyar yara da dunƙule. Dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Gishiri ba ya ƙara kitse, amma ƙiba da hawan jini tare suke tafiya, shi ya sa yake cikin wannan magana. A rage dunƙule zuwa rabin abin da aka saba, a cike gurbin da daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro da garin busasshen kifi. Gishirin da za a saya ya zama mai aidin.

Mataki na uku: jadawalin sati

Ba a rubuta takardar kasuwa sai an san me za a dafa. A zauna ranar Alhamis ko Juma'a a tsara kwana bakwai, a fara da duba abin da ya rage a sito don kada a sayi abin da ake da shi.

Karin safe: kunun gero ko koko da alale, ko dafaffen ƙwai biyu da tumatir da albasa, ko ɗumamen tuwo ƙarami da miya mai yawa. Alale da ƙosai daga wake ɗaya suke, amma ƙosai ya sha mai a kasko, alale kuwa turara shi aka yi. Ƙosai ya koma na ranar Asabar.

Rana: faten wake da alayyahu, dambun masara ko na shinkafa wanda zogale ya rinjayi tsakin, ɗanwake da kabeji da tumatir da ƙwai, wake da shinkafa inda waken ya kai yawan shinkafar, faten tsaki da yakuwa ko rama, faten acca.

Dare: tuwon dawa, gero ko masara da miyar kuka, kuɓewa, karkashi, taushe ko miyar ganye. Miyar kuka da ta kuɓewa ba sa buƙatar mai da yawa, kuma suna cika ciki. A yawaita miya, a rage tuwo.

Abin taɓawa tsakanin abinci: yalo, gurji, karas, gwaiba, lemo, kankana, kwaɗon zogale ko na rama. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da amfani amma suna da nauyi, giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550. Cikin tafin hannu ɗaya ya isa. Kwaɗo kuma kada a kashe shi da mai bayan an riga an sa ƙuli.

A tsara jadawalin yadda kaya masu saurin lalacewa za su fara shiga tukunya. Alayyahu, latas da ɗanyen kifi a kwana biyun farko. Kabeji, karas, kabewa da yalo a tsakiyar sati. Kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale da kauɗar tumatir a ƙarshensa.

Mataki na huɗu: a raba kuɗin, a raba cefanen

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ya fi a yi lissafi da kaso. Cikin kowace naira 100 ta cefane, a gwada wannan rabon: 30 hatsi, 25 wake da ƙwai da kifi da nama, 25 kayan miya da ganye da 'ya'yan itace, 10 mai da gishiri da daddawa da kayan ƙamshi, 10 kuɗin niƙa, kuɗin mota da ko-ta-kwana. A gyara shi daidai da garin da ake da kuma lokacin shekara. Abin da ba a taɓawa shi ne kason ganye da kayan lambu, domin shi ne na farko da ake cinyewa in kuɗi ya yi ƙasa.

Cefanen kansa kashi uku ne. Na wata: hatsi, wake, waken suya, mai, gishiri, daddawa, kuka, busasshen barkono, zoɓo, busasshen kifi. Na sati: ƙwai, albasa, kabeji, karas, kabewa, dankali, lemo. Na kwana biyu ko uku: ganye, tumatir, tattasai, attaruhu, nono. Ranar da albashi ko kuɗin ciniki ya shigo a yi na wata, sauran kuɗin a raba shi huɗu a ware na kowane sati daban. Wanda ya bar shi a dunƙule a asusu, sati na huɗu garin kwaki da taliya za a ci.

Mai samun kuɗi kullum-kullum ma yana iya yin wannan. Ya riƙa sayen abu ɗaya mai ɗorewa duk lokacin da ciniki ya yi kyau: yau mudun wake, jibi kwalbar mai, wani satin mudun gero. Sayen mai na ƙulli da sukari na ƙulli shi ne mafi tsada a duk hanyoyin cefane.

Lokaci da wuri

Hatsi da wake suna sauka da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, suna hawa in damina ta yi nisa. Wanda yake da wurin ajiya ya sayi na wata uku zuwa shida a lokacin. Tumatir, tattasai, albasa, kabeji, karas da latas suna araha lokacin noman rani, daga Janairu zuwa Maris, tumatir kuma yakan yi tsada sosai daga wajen Mayu zuwa Yuli. Da damina ganye ne yake yawa: rama, yakuwa, alayyahu, lalo, tafasa, zogale, ɗanyar kuɓewa. Mangwaro na bazara ne. Duk abin da yake kakarsa shi ne mai araha kuma shi ne mai daɗi, don haka jadawalin ya bi shekara. In tumatir ya yi tsada a koma miyar kuka, kuɓewa, taushe da kauɗa, kada a ce dole sai jar miya.

A Kano, hatsi da wake a Dawanau suke da sauƙi, kayan miya a Yankaba, 'ya'yan itace a Yan Lemo. Kowane babban gari yana da irin waɗannan, kuma kasuwannin ƙauye ranar cinsu sukan fi birni sauƙi. Amma a haɗa da kuɗin mota da na dako kafin a ce an yi riba. Zuwa kasuwar sari don mudu biyu asara ce. Maganin wannan shi ne haɗin gwiwa: gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi buhun wake ko kwandon tumatir su raba. Nama ma haka, watanda ta fi sayen kilo-kilo a wajen mahauci.

A cikin kasuwa

A ci abinci kafin a fita. Mai jin yunwa yana sayen abin da hancinsa ya jiyo. A riƙe takarda, a riƙe kuɗin da aka ware, a zaga a ji farashi wuri biyu ko uku kafin a fara ciniki. A fara da busassun kaya, a ƙare da ganye da kifi don kada rana ta dafa su. Masu ganye da tumatir sukan sauke farashi da yamma, wannan ya dace da abin da za a dafa a daren ko washegari.

Mudu ba ɗaya ba ne. Wani an buga gindinsa ya shige ciki, wani an rage bakinsa. In za a yi babban saye a tafi da mudun gida, ko a auna da gwangwani in an dawo don a san wane mai kaya ne ma'auninsa yake cika.

Wake: a ɗebo a tafin hannu a duba huda da gari, sannan a shinshina. In yana warin maganin ƙwari a bar shi komai arharsa. Wasu masu ajiya suna zuba masa maganin feshi irin su Sniper, kuma saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ko wanda ba ya wari a wanke shi sosai, a jiƙa, a zubar da ruwan jiƙon.

Gyaɗa da masara: a guji masu fumfuna, masu baƙi-baƙi, masu ɗaci ko warin danshi. Fumfunar tana haifar da guba mai lahani ga hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Wannan ya shafi ƙuli-ƙuli da tunkuza da aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa, don haka a san wajen wanda ake saya.

Tumatir: ruɓaɓɓen da ake tarawa gefe a sayar da araha ba riba ba ne. Wanda ya ɗan fashe yau bai yi wari ba ana iya dafa shi nan take, wanda ya yi fumfuna kuwa a bar shi.

Busasshen kifi: a karya a duba ciki, kada a ga tsutsa ko gari. Ƙananan kifi da ake dakawa da ƙayarsu sun fi araha kuma suna ba da sinadarin ƙashi. Ɗanyen kifi idonsa ya zama garau, naman ya dawo in an danna.

Ƙwai: kiret mai 30 ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. In ana shakka a saka a ruwa, mai kyau yana nutsewa, wanda ya taso sama ya lalace.

Nama: a ce wa mahauci tsoka ake so, ya cire kitse kafin ya auna, don kada a biya kuɗin abin da za a yar. Hanta sau ɗaya a sati tana da amfani ga jini, sai dai mai ciki kada ta yawaita ta. Kaza a cire fatar.

Waken suya ya cancanci a tsaya a kansa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa furotin ne, ya fi wake, ya fi gyaɗa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na nama ba. Mudu ɗaya yana ba da awarar da za ta ishi gida. Matsalar awara ita ce suya, tana shan mai sosai. A yanka ta a jefa cikin miya ko romo, ko a gasa a kasko da aka shafa wa mai kaɗan. Ana kuma soya waken sama-sama ba mai, a cire ɓawon, a niƙa, a riƙa haɗa gwangwani ɗaya da gwangwani uku na gero ko dawa don kunu.

In an dawo gida

Ajiya ita ce rabin tattali. Wake da hatsi a shanya su su bushe ƙarau, a zuba a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa fetur ko magani a ciki ba, a cika ta har baki, a toshe murfin da leda. In iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki suna mutuwa da kansu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki haka yake aiki, kuma ana samunsa wajen masu kayan noma. Kuskuren da ake yi shi ne buɗewa kullum. A ɗebi na wata guda a wani mazubi, babbar jarkar a bar ta a rufe. Buhu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a ɗora shi a kan katako.

Wajen niƙa, a rage surfe. Dusar da ake cirewa ita ce take riƙe ciki ta jinkirta yunwa. Gero da dawa a wanke, a rege, a shanya, a kai inji haka nan. Tuwon zai fi duhu kuma bai kai na da santsi ba, don haka a fara da haɗa rabi da rabi. Garin da ba a surfa ba yana saurin canza ɗanɗano, musamman na gero, saboda haka a niƙa na sati ɗaya ko biyu kawai.

Ganye ba a wanke shi sai za a dafa. A cire ruɓaɓɓen, a naɗe a tsumma mai ɗan danshi, a ajiye a inuwa. Inda babu wuta, randa cikin randa tana aiki: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Malam Mohammed Bah Abba ne ya yaɗa wannan dabara a ƙauyukan Jigawa, har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana ƙara wa tumatir, tattasai da yalo kwanaki masu yawa lokacin zafi da bushewar iska, amma da damina ƙarfinta yana raguwa saboda danshi.

Zogale, rama da yakuwa in sun yi yawa a shanya su a inuwa, rana tana cinye amfaninsu da launinsu. Tumatir a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Ko a markaɗa, a dafa ba mai har ruwan ya ƙone, a raba a ƙananan robobi a sa a firiza in wutar unguwar abin dogaro ce. Albasa da dankali a baza su inda iska ke ratsawa, kuma ba a haɗa su wuri ɗaya.

Wake a jiƙa shi tun dare. Yana rage lokacin dahuwa, yana rage gas ko gawayi, yana rage kumburin ciki, kuma ba sai an zuba kanwa mai yawa ba, wadda take lalata wasu bitamin.

Inda tsarin yake wargajewa

Na farko, yanke abinci da yawa lokaci guda. Mutum ya daina tuwo, ya daina shinkafa, ya tsallake karin safe, la'asar na yi yunwa ta kai shi wajen mai fanke. Ragewar da take ɗorewa rabin kilo ce zuwa kilo ɗaya a sati. Wanda yake jin yunwa sosai a wannan tsarin ya ƙara wake, ƙwai ko ganye, kada ya ƙara tuwo.

Na biyu, abin sha. Fura da nono cikakken abinci ce, in aka sha ta da sukari a kan abincin rana an ci sau biyu kenan. Haka shayi mai kauri da madara da burodi da daddare, haka kunun aya mai dabino da sukari.

Na uku, sayen ganye da yawa ranar farko saboda zumuɗi, rabinsa ya ruɓe, maigida ya ce asarar kuɗi ce ya daina saya. A sayi na kwana biyu, sauran satin a dogara da kabeji, kabewa da busassu.

Na huɗu, cin abinci a tire ɗaya da jama'a, inda ba a sanin abin da aka ci. Mai ragewa ya zuba nasa a faranti daban, ko ya fara da kwaɗo ko salak kafin ya sa hannu a tiren.

Na biyar, azumi da biki. Kafin Ramadan a sayi gero, wake, mai da sukari tun farashi bai tashi ba, kuma ma'aunin mai ya tsaya yadda yake. Soye-soyen buɗa-baki kala ɗaya ya isa a rana.

Mai ciwon sukari da yake shan magani ko allura, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mai gyambon ciki su nuna wa likita wannan tsarin kafin su fara. Rage hatsi ba tare da gyara magani ba yana iya sa sukarin jini ya faɗi ƙasa sosai, mai ciwon ƙoda kuma akwai ganye da wake da ake taƙaita masa.

A hau sikeli sau ɗaya a sati, da safe kafin a ci komai, a rubuta. A auna ƙugu da tef ɗin tela daidai saitin cibiya, abin da ake nema shi ne ya zama ƙasa da rabin tsawon mutum. Ƙarshen wata a ɗauko takardun cefane huɗu a duba: lita nawa na mai aka sha, mudu nawa na sukari, me ya ruɓe, me ya ƙare da wuri. In sati huɗu sun wuce nauyi bai motsa ba, a fara binciken kwalbar mai da abin sha da ciye-ciyen waje, sai an tabbatar da su sannan a rage rubu'in gwangwani daga hatsin dare, a kuma ƙara tafiyar ƙafa ta minti 30 a yawancin ranakun sati.